Darasi na 7: Yadda Ƙwayar Kwalara Ke Haɗa Guba

Idan damina ta kankama, ruwan sama ya kwaso ƙazantar masai ya zuba a rijiya, to kwalara ta samu hanya. Ƙato majiyi ƙarfi zai wayi gari lafiya lau, kafin la'asar ya kasa ɗaga hannu. Me ke kayar da shi da wuri haka? Guba ce.

Ƙwayar kwalara ƙanƙanuwa ce, ido ba ya ganinta. Tana shiga ciki ta ruwa ko abinci. Ruwan tsamin da ke tumbi yana kashe da yawa, amma waɗanda suka tsira sai su wuce ƙaramin hanji, su manne a bangonsa, su yi ta hayayyafa. A nan ne suke haɗa guba suna fitarwa.

Gubar takan ratsa bangon hanji, ta buɗe ƙofofin da gishirin jiki ke bi, ta hana su rufuwa. Gishiri ya yi ta kwarara cikin hanji, ruwan jiki kuma ya bi shi. Shi ya sa gudawar ke fita tsululu kamar ruwan wankin shinkafa. Babban mutum na iya zubar da lita 1 cikin awa guda. Idanu su faɗa, fata ta yamushe, fitsari ya ɗauke.

Wani likitan Indiya, Sambhu Nath De, shi ya tabbatar da cewa guba ce ke haddasa gudawar, a birnin Kalkata a 1959. Ya reni ƙwayoyin a cikin ruwa, ya tace su ya fitar, sannan ya zuba ruwan kaɗai a hanjin zomo. Hanjin ya kumbura, ya cika da ruwa, alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ciki.

Tunda ƙarewar ruwa ke kisa, maganin farko shi ne a mayar da ruwan. A samu lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a motsa. Sukarin yana jan gishiri zuwa cikin jiki ta wata ƙofa da gubar ba ta taɓa ba, ruwa kuma ya biyo.

Da an ga irin wannan gudawa, a fara ba mara lafiya wannan haɗin kaɗan-kaɗan ko da yana amai, kuma a garzaya da shi asibiti nan take.