FILIN MANOMA: Kafin Ka Sayo Wa Tsohon Keke Sabon Ƙarfe

Jama'a, kaka ta matso. Daga Funtuwa har Bakori da Ƙafur da Malumfashi, kowa ya soma shirin kwashe masara da dawa, auduga kuma tana tafe. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, mai babur ya kan yi lissafi kafin ya tayar, shi ya sa tsohon keken da aka jingine a zaure ya sāke samun daraja. To, amma keken da ya daɗe sai da gyara, a wajen gyaran nan kuwa a ke yin hasara. Mutum ya sayo ƙarfe don ya ga ya yi kama da nasa, ya zo gida ya ƙi shiga, ya sa ƙarfi, ya kashe keken ɗungum.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne asalin kekenka. A da, kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila yana da nasa irin tiredi, watau zanen nan da noti ke bi in ana ɗaurawa. A gindin keke, inda aksul ɗin feda ke juyawa cikin kofuna biyu, tsohon Raleigh na Nottingham zane 26 ya ke da shi a kowane inci. Sauran kekunan Ingila 24 ne, galibin kayan Sin da Indiya da ke kasuwa kuma wannan su ka bi. Da ido ba ka rabe su. Kofin 24 zai shiga gindin Raleigh kamar gaske, ya ɗan juya, sa'an nan ya cije. Kadan ka matsa da sifana, zanen firam ya lalace, firam kuwa shi ne keke.

Kada suna ya ruɗe ka. Raleigh ya sayi Humber a 1932, ya sayi Rudge a 1943. Hercules da Phillips asalinsu na wajen Birmingham ne, masu zane 24, amma a 1960 aka haɗe su da Raleigh, waɗanda aka ƙera a Nottingham bayan haka su ka koma 26. Saboda haka gwaji ya fi: ɗaura kofi da yatsu kawai. In ya tafi sumul, naka ne. In ya cije, mayar wa mai shago. Ka kuma tuna kofin dama baibai a ke ɗaura shi, haka ma fedar hagu.

Sau da yawa ma kofunan ba su mutu ba, boris ne ya farfashe ko aksul ya ci. Wanke su da kananzir ka duba. In cikinsu ba rami, zuba sabon boris mai rubu'in inci, 11 a kowane gefe, da giris. In aksul za ka sāke, kai tsohon a gwada tsawo, gama gindin Raleigh ya fi faɗi, milimita 71 ko fiye, na sauran 68.

Sai sarƙa. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne a kowace sarƙar keke, amma faɗi iri-iri ne. Keke marar giya yana son mai faɗi, kashi ɗaya cikin takwas na inci. Siririyar sarƙar kekunan giya ba ta zama kan haƙoransa masu kauri. Don sanin ko ta gaji, aza ma'auni: daga ƙusa guda ka ƙirga 24 gaba, ya kamata a sami inci 12 cif. In ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, sāke ta. In ta zarce da ɗaya cikin takwas, to ta riga ta cinye haƙoran firiwil, sai a sāke su tare. Sabuwar sarƙa kan tsohon firiwil tsalle ta ke yi, ta kan kuma yi shi ne daidai lokacin da ka taka da ƙarfi, ga buhu a bayanka.

Firiwil shi ba shi da rigima, zanensa 24 ne har a Raleigh. Nan ma akwai dabara ga mai dakon kaya. In naka mai haƙora 18 ne, sa mai 20 ko 22. Gudu zai ragu, amma hawa zai yi sauƙi, gwiwa ta huta. Sai dai ka ƙara tsawon sarƙa kaɗan.

Na ƙarshe, ƙusar nan mai noti da ke riƙe hannun feda jikin aksul. Ta kekunan Ingila kaurinta milimita 9.5 ne, akwai kuma mai 9. Siririyar za ta shiga, amma ba da daɗewa ba feda ta soma ƙwas-ƙwas, ramin ya buɗe. Da guduma a ke zaunar da ita, a tokare hannun daga ƙasa, noti riƙewa kaɗai ya ke yi. Ta dama da ta hagu su fuskanci sāɓanin juna, in ba haka ba fedoji ba za su miƙe ba.

To, manomi da ɗan kasuwa da malamin ofis, in za ka kasuwar Funtuwa ko Malumfashi, ƙulla tsohon ƙarfen a tsumma ka tafi da shi, in da hali ma ka tura keken gaba ɗaya wurin mai gyara. Rigakafi ya fi magani. A yi gyaran nan yanzu, tun amfanin gona bai taru a bakin hanya ba.

Allah ya ba mu kaka mai albarka, amin.