Sunan Abinci da Rayuwar Harshe a Garuruwan Ƙaura: Darasi daga Gaiman da Maiwurno zuwa Gidigir

Gabatarwa

Baƙon da ya yi wuni ɗaya a garin da ’yan ƙaura suka kafa yakan dawo da hukunci a bakinsa. Ya ci abincin kakanninsu, ya ji sunansa, sai ya ce harshensu yana nan da ransa. Wannan maƙala za ta nuna wa ɗalibin ilimin walwalar harshe abin da sunan abinci yake iya shaida da kuma inda shaidarsa ta tsaya, sannan ta kawo hanyar gwada hakan a Gidigir.

Gaiman

A ranar 28 ga Yuli 1865 jirgin ruwa mai suna Mimosa ya sauke mutanen Wales kimanin 150 a gaɓar Patagoniya ta ƙasar Ajantina. Sun yi ƙaura ne don tsare harshensu da addininsu daga rinjayen Ingilishi. A 1874 suka kafa Gaiman a kwarin kogin Chubut. Yau masu yawon buɗe ido suna zuwa su wuni, su ga tsofaffin majami’u, su sha shayi da baƙin kek ɗin da garin ya yi suna da shi. Sai dai da Sifaniyanci ake yawan kiran kek ɗin, da shi kuma ake ciniki. Harshen da aka yi hijira dominsa ya ja baya ƙwarai, har daga 1997 aka riƙa turo malamai daga Wales don farfaɗo da shi. Ke nan girki ya zarce a lokacin da harshe yake raguwa.

Maiwurno

Bayan yaƙin Burmi na Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya ja jama’a zuwa gabas. Suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar ta Sudan, garin ya ɗauki sunansa. Mahajjatan ƙasa da masu aikin auduga a Jazira suka ƙara yawan Hausawa da Fulani a yankin. Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya nazarci yadda Fulatanci (1986) da Hausa (1999) suke sajewa da Larabci a can.

Daga wannan al’umma Sudan ta sami naman da ake kira agashe. A Hausa kalmomi biyu ne: “a” da “gashe”, bayanau na yanayi daga aikatau “gasa”, kamar “a dafe” ko “a zaune”. Sautin /s/ ya koma /sh/ a gaban wasalin /e/, wato ganɗantawa. Mai Larabcin Sudan bai ga wannan gini ba. Ya dunƙule shi ya zama suna guda, yana rubuta shi da harafin ƙaf, wanda a karinsa ake furtawa /g/. Dubban mutane suna faɗin agashe kullum a Khartum ba tare da sun iya gaisuwa da Hausa ba.

Yadda kalmar abinci take sauyawa

Zangunan fataken goro na Gana sun ba da wasu misalai. “Wake” ya zama waakye, domin a harshen Akan /k/ yakan ganɗance a gaban wasalin gaba, a furta shi kusa da /c/. Ma’anar ma ta faɗaɗa, daga ƙwayar wake zuwa dafaffiyar shinkafa da wake. “Ƙosai” ya zama koose: tunzurin /ƙ/ ya faɗi, tagwan wasali /ai/ ya koma /e/. A tuo zaafi an yar da abin da yake haɗa suna da siffarsa, wanda Bahaushe yake ji a “tuwo mai zafi”. A kudancin Nijeriya kuwa “suya”, wadda a Hausa sunan aikin soyawa ce, ta zama sunan naman da Bahaushe yake kira tsire.

Darasin a nan shi ne, kalmar abinci tana bin kwano, ta shiga bakin mai saye ta bi tsarin sautinsa. Tana shaida cuɗanya, da wanda ya kawo sana’a, da hanyar da ya biyo. Amma ba ta shaida cewa ana magana da harshen a gida. Joshua Fishman, a littafinsa na 1991 kan maido da harshen da ake bari, ya sa miƙa harshe daga iyaye zuwa ’ya’ya a matsayin ginshiƙin rayuwarsa.

Gwaji a Gidigir

Ɗaliban Jami’ar André Salifou ta Damagaram ba sa buƙatar ƙetare teku. Gidigir tana kan babbar hanyar Zinder zuwa Gure, a ƙasar kwaruruka masu dabino da goriba da kanwa. Kasuwarta tana haɗa Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa, Hausa kuma tana cikin harsunan ciniki. A nan lamarin ya juya: Hausa ce take da ƙarfin da Larabci yake da shi a Maiwurno. Ita ma ta taɓa zama mai karɓa, domin Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa “kasuwa” da “rubutu” ta hannun Barebari suka shigo mata.

Wuni ɗaya ya isa a yi abu uku. Da safe ɗalibi ya zauna wurin masu abinci da mahauta, ya rubuta sunan kowane abu yadda aka furta shi, da harshen da aka yi tayi da shi. Da rana, bayan ya nemi izinin maigida, a samu ɗaliba ta shiga madafa ta saurari aikatau: daka, tankaɗe, talge, tuƙi. Suna yana saurin tafiya aro, aikatau da ginin jimla sun fi zama a gida. Da yamma ya tsaya inda yara suke wasa, ya lura da harshen da suke faɗa da juna da shi, da wanda suke amsa wa kakarsu da shi. Idan kaka ta yi magana da Manganci jika ya amsa da Hausa, wannan ya fi jerin sunayen abinci ɗari nauyi a ma’aunin bincike.

Kammalawa

Sunan abinci hujja ce ta tarihin cuɗanya, ya kamata a tattara ta da kulawa. Hukunci kan rayuwar harshe kuwa sai an ji bakin yara. Ɗalibin da ya dawo daga Gidigir ya ware bayanansa gida uku, na kasuwa da na madafa da na dandali, ya kwatanta su kafin ya rubuta sakamako.