SHAMUWA TA ISO: ITA KE KAWO RUWA, KO RUWAN TAKE BI?



Wani ɗan'uwa manomi daga yankin Bunkure ya turo mini tambaya. Ya ce shamuwa ta sauka a kan kukar da ke bakin masallacinsu. Yara suka fito a guje suna tafi suna yi mata waƙa, tsofaffi na ta yi wa juna barka, wasu har sun fara fito da iri. Sai wani matashi mai karatu ya miƙe ya ce wannan duk shirka ce, gara ma a rushe sheƙar. Yanzu unguwa ta rabu biyu. "Malam, wa ke da gaskiya?"

To, kafin mu yanke hukunci a kan abu, sai mun san shi.

NA FARKO: WACE CE SHAMUWA?

Tsuntsuwa ce baƙa mai farin ciki, matafiya. Takan iso ƙasar Hausa a ƙarshen bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu. Ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, ta yi ƙwai biyu ko uku, ta ƙyanƙyashe, ta raini 'ya'yanta. Da damina ta ɗauke sai ta kama hanyar kudu, har ƙasashe irin su Zambiya, Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda tasu daminar ke farawa wajen Nuwamba.

Me take nema a wannan doguwar tafiya? Abinci. Fara, tsutsa da ƙwari, waɗanda ke fitowa idan ƙasa ta jiƙa. Ka ga ke nan shamuwa ba ta kawo ruwa, ruwan take bi. Ita ma mabuƙaciya ce kamar ni da kai. Wanda Ya koya mata hanya, ba taswira ba ɗan jagora, Shi ne ke koro girgije. Ku je ku karanta aya ta 79 a Suratun Nahli da aya ta 19 a Suratul Mulki, ku ga yadda Allah Ya kira mu mu ɗaga kai mu dubi tsuntsu.

NA BIYU: INA IYAKAR?

A Hudaibiyya an yi ruwa da dare. Bayan sallar Asuba, Annabi (SAW) ya bayyana wa sahabbai cewa mutane sun wayi gari kashi biyu: wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah, da wanda ya jingina shi ga tauraro. Hadisin Zaidu bin Khalid ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Malamai sun yi bayani dalla-dalla a kan tauraro, kuma haka abin yake ga tsuntsu:

1. Wanda ya ƙudurce cewa shamuwa ce da kanta ke saukar da ruwa, wannan shirka ce babba.

2. Wanda ya yarda Allah ke saukarwa, amma yana ganin zuwanta ne sanadi, ko gidan da ta yi sheƙa dole arziki ya shiga, wannan camfi ne. Irinsa ne na Larabawan Jahiliyya da ke korar tsuntsu su duba ina ya nufa kafin su yi tafiya. Musulunci ya rushe shi.

3. Wanda ya ce shamuwa ta zo, bisa al'ada damina ta kusa, a gama sharar gona, a kai taki, wannan ba komai. Kamar ka ga hadari ya taso daga gabas ne ka kwashe shanya.

Mafi yawan iyayenmu a kan na ukun suke. Murnar yara kuma murna ce ta ganin alamar rahama. In an ji kalma marar kyau a waƙarsu, a gyara kalmar, a koya musu cewa Alhamdulillah. Ba a korar murnar gaba ɗaya.

NA UKU: GA MASU NOMAN RANI

Ku mutanen Kura, Bunkure da Garun Malam, akwai wata jarrabawa taku ta daban. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke biyo kanal har bakin gona. Ana shinkafa, ana alkama, ana tumatir, rani da damina. Har wani ya kan ce, mu ina ruwanmu da jiran shamuwa, ai muna da kanal.

A hankali, ɗan'uwa. Ruwan Tiga daga ina yake? Ruwan sama ne da ya sauka a kudancin Kano, ya biyo Kogin Kano ta dajin Falgore, ya taru. In damina ta gaza, dam ɗin ma ja da baya yake. Tambayi dattawan da suka ga farin 1973. Wanda ya dogara ga tsuntsu ya kuskure, wanda ya dogara ga siminti shi ma ya kuskure. Sababi ne, a riƙe shi, amma zuciya na wurin Mai sababin.

NA HUƊU: HAƘƘIN BAƘUWA

Shi kuma matashinmu, Allah Ya saka masa da kishinsa, amma rushe sheƙa ba gyaran aƙida ba ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu, ta zo tana kaɗa fukafukai. Annabi (SAW) bai bar maganar ta wuce ba, ya sa aka mayar mata da su. Camfi a zuciyar mutum yake, ba a kan kuka ba. Tsuntsuwar me ta yi?

Kuma fa shamuwa ba janbaki ba ce da ke cinye shinkafa. Ita hatsinka bai dame ta ba, farar da ke cin amfaninka take ci. Leburar da ba ka biya. Amma dubi sakayyar da muke yi mata: mun sare manyan bishiyoyi mun yi gawayi, muna feshin maganin ƙwari fiye da ƙima, muna wanke tankin feshi a cikin kanal, yara na bin ta da danƙo muna kallo. Ta ci farar da ta sha guba, me kake zato?

Don haka ga abin yi. A bar mata bishiyarta. A hana yara jifa. A yi feshi daidai awon da aka rubuta, kuma a nesanta wanke kayan feshi daga ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Liman ya ɗauki minti biyar bayan Magariba ya bambance wa jama'a alama da camfi, cikin taushi, ba da gori ba. Dattijo da matashi su yi musabaha.

Idan ɗanka ya rugo ya ce maka "Baba, shamuwa ta zo!", ka fita tare da shi. Ka nuna masa ita, ka gaya masa daga inda ta taso, sannan ka tambaye shi: wa Ya nuna mata hanyar garinmu?

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana aƙidarmu, Ya raba mu da fari da ambaliya. Wallahu a'alam.