Wakilin da Yake da Baki Amma Ba Shi da Ƙuri'a

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ku ɗauka an tara wakilan ajujuwa domin a yanke shawara a kan irin abincin da za a riƙa dafawa a makaranta. An ba wakilin ajinku kujera, an bar shi ya yi magana har ya gaji, an ma yi masa tafi. Amma da aka zo ɗaga hannu, sai aka ce shi kam ya sauke nasa, ba za a ƙirga da shi ba. Gari na wayewa kuma, abin da sauran suka zaɓa shi aka zuba muku a kwano. To, yaya za ku ji? Wannan misali ne kawai, amma akwai wani tsibiri mai mutum fiye da miliyan uku wanda haka zamansa yake a majalisar ƙasar da ke mulkinsa, yau shekara ɗari da ashirin da 'yan kai. Sunan tsibirin Puerto Rico, ƙasar kuwa ita ce Amurka.

Ina ne Puerto Rico?

Tsibirin yana cikin Tekun Karibiyan, gabas da ƙasar Kyuba, kimanin kilomita 1,600 daga birnin Miami na Amurka. Babban birninsa shi ne San Juan, kuma yawancin mutanensa da Sifaniyanci suke magana, domin kuwa Sifaniya ce ta mallake shi har wajen shekara 400. A shekarar 1898 aka gwabza yaƙi tsakanin Sifaniya da Amurka. Da Amurka ta yi nasara, sai aka miƙa mata tsibirin a yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Paris, ba tare da an tambayi masu wurin ba.

A shekarar 1917 Majalisar Amurka ta yi doka ta mai da mutanen tsibirin 'yan ƙasa. Watau fasfo ɗinsu na Amurka ne, kuɗinsu dala ce, kuma suna shiga aikin soja; dubbansu sun yi yaƙi a Koriya da Biyetnam. A 1952 suka sami tsarin mulkinsu na cikin gida. Suna da gwamnan da suke zaɓa da majalisar dokokinsu. Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tsibirin ba jiha ba ne cikin jihohi 50 na Amurka, yanki ne da ke ƙarƙashin ikon Majalisar ƙasa, kuma duk maganar da za mu yi daga nan ta taso.

Asalin kujerar

Majalisar Amurka kashi biyu ce, kamar yadda tamu take a Nijeriya. Akwai Majalisar Dattawa, inda kowace jiha take da mutum biyu, akwai kuma Majalisar Wakilai mai kujeru 435 da ake raba wa jihohi gwargwadon yawan jama'arsu. Tsarin mulkin ƙasar ya ce mutanen jihohi ne za su zaɓi waɗannan wakilai. Tun da Puerto Rico ba jiha ba ce, ba ta da sanata ko ɗaya, ba ta kuma da rabo cikin kujerun nan 435.

Abin da aka ba ta shi ne mutum ɗaya da ake kira Kwamishina Mazauni, watau wakilin da ke zaune a birnin Washington da sunan tsibirin. Wata doka ta 1900 ce ta ƙirƙiro muƙamin, kuma wanda ya fara riƙe shi a 1901 shi ne Federico Degetau, wani lauya kuma marubuci. Da farko ko zauren majalisar ba a yarda ya shiga ba, sai dai ya bi ofisoshin gwamnati yana kai koke. A 1902 aka buɗe masa ƙofar zauren, a 1904 aka yarda ya yi magana ya kuma zauna a kwamiti. Sai a 1970 aka ba mai wannan kujera izinin jefa ƙuri'a a cikin kwamiti. Ku duba ku gani, shekara 70 ke nan ana tafiyar hawainiya.

Ba Puerto Rico kaɗai ke cikin wannan hali ba. Wakilai shida ne ba su da ƙuri'a: na birnin Washington, da na tsibiran Guam, da Samoa ta Amurka, da Mariana ta Arewa, da tsibiran Virgin na Amurka, sa'an nan Kwamishinan da muke magana a kansa. Sai dai jama'ar Puerto Rico sun fi na sauran biyar ɗin yawa ko da an haɗa su gaba ɗaya.

Abin da zai iya da wanda ba zai iya ba

Kada mai karatu ya zaci Kwamishinan nan ɗan kallo ne zalla. Yana da ofis da ma'aikata, kuma albashinsa daidai yake da na sauran wakilai. Yana iya gabatar da ƙudurin doka, yana iya tashi ya yi muhawara, a kwamiti kuma ƙuri'arsa daidai take da ta kowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a kwamiti ake tsefe doka a gyara ta kafin a kai ta zaure. Abin da ba zai iya ba shi ne jefa ƙuri'ar ƙarshe, wadda ita ce ke sa ƙuduri ya wuce ko ya faɗi. Ba ya kuma zaɓen Kakakin Majalisa.

A 1993 'yan jam'iyyar Dimokurat, waɗanda suke da rinjaye a lokacin, suka ba wakilan yankunan damar jefa ƙuri'a idan majalisa ta zauna baki ɗaya a matsayin kwamiti domin duba gyare-gyaren doka. Amma aka sa sharaɗi: in har ƙuri'unsu ne suka rinjayar da sakamako, to, sai a sake jefawa ba tare da su ba. 'Yan Rifablikan suka kai ƙara, kotu kuwa ta ce tsarin bai saɓa doka ba, tun da ƙuri'ar ba ta iya yanke kome. Ashe abin da ya halatta ƙuri'ar shi ne rashin ƙarfinta! An soke wannan dama a 1995, aka dawo da ita a 2007, aka sake sokewa a 2011, aka kuma dawo da ita a 2019. Abin da ake ba mutum yau a karɓe gobe, ai aro ne.

Yadda ake zaɓensa

Duk sauran wakilai shekara biyu-biyu suke yi, amma Kwamishinan Puerto Rico shi kaɗai ne mai shekara huɗu. Ana zaɓensa a watan Nuwamba, rana ɗaya da zaɓen gwamnan tsibirin da na shugaban Amurka. Tsibirin duka mazaɓa ɗaya ce, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci. Doka ta ce sai ɗan ƙasa wanda ya haura shekara 25, kuma wanda ya iya karatu da rubutu da Turanci, ko da yake masu zaɓensa da Sifaniyanci suke hira a gida.

Siyasar tsibirin ta sha bamban da ta sauran Amurka. Babbar tambaya a can ita ce: mene ne makomarmu? Jam'iyyar PNP tana so a zama jiha ta 51. Jam'iyyar PPD ta fi karkata ga a bar kaza cikin gashinta, a ci gaba da zaman da ake yi tare da gyara shi. Jam'iyyar PIP kuwa 'yancin kai take nema. Idan wanda ya ci ya isa Washington, sai ya zaɓi ɓangaren da zai zauna da su, ko Dimokurat ko Rifablikan.

Kowace jam'iyya takan tsai da ɗan takarar gwamna da na kwamishina tare, amma mai zaɓe yana iya raba ƙuri'arsa. Haka aka yi a 2004, haka kuma a 2024, inda Jenniffer González ta PNP ta ci gwamna, Pablo José Hernández na PPD ya ci kwamishina, ya kama aiki a watan Janairu na 2025. Ita González ɗin ita ce mace ta farko da ta riƙe kujerar kwamishina, daga 2017 zuwa 2025. Kujerar ma ta zama kamar tsani, domin Aníbal Acevedo Vilá da Luis Fortuño da Pedro Pierluisi duk sun riƙe ta kafin su zama gwamna.

Wani abin mamaki shi ne, a ranar da mutumin tsibirin yake zaɓen kwamishinansa, ba shi da hannu a zaɓen shugaban ƙasar da zai iya tura ɗansa yaƙi. Amma in ya tattara kayansa ya koma Florida ko New York da zama, shi ke nan, ya sami cikakkiyar ƙuri'a. Haka kuma ɗan New York da ya koma tsibirin da zama ya rasa tasa. Watau rashin ƙuri'ar yana bin wurin zama ne.

Ina illar take?

Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 3,285,874 ne a tsibirin, sun fi jama'ar kowace ɗaya daga cikin jihohi 21 yawa. Jihar Utah, wadda suka ɗara kaɗan, tana da wakilai 4 da sanatoci 2. Jihar Wyoming, wadda ba ta kai mutum 600,000 ba, tana da wakili 1 da sanatoci 2, duk masu ƙuri'a. Kwamishinan Puerto Rico ya fi kowane wakili yawan jama'ar da yake wakilta, amma ranar yanke hukunci hannunsa a ƙasa yake. A majalisa kuwa ƙuri'a ita ce jarin ciniki: ka mara mini baya yau, in mara maka gobe. Wanda ba shi da ita sai roƙo da lallashi.

Ga misalai uku. A 2016, bashin gwamnatin tsibirin ya haura dala biliyan 70, sai Majalisar Amurka ta kafa wata hukuma mai iko a kan kasafin kuɗinsa, wadda ba mutanen tsibirin ne suka zaɓi membobinta ba. A watan Afrilu na 2022, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai takwas a gefe ɗaya, ɗaya a gefe, cewa Majalisa tana iya hana mazauna tsibirin wani tallafin kuɗi da ake ba tsofaffi da naƙasassu matalauta a jihohi. Hujjar ita ce yawancinsu ba sa biyan harajin kuɗin shiga na tarayya, ko da yake ana cire musu na fansho da na lafiyar tsofaffi daga albashi. Mai shari'ar da ta ƙi yarda ita ce Sonia Sotomayor, wadda iyayenta 'yan tsibirin ne. Sa'an nan a watan Disamba na 2022, Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudurin da zai ba tsibirin damar zaɓen makomarsa, da ƙuri'a 233 da 191. González tana cikin waɗanda suka tsara shi, amma ba ta cikin 233 ɗin. Ƙudurin kuma bai tsallake Majalisar Dattawa ba.

Ina mafita?

Mutanen tsibirin sun yi ƙuri'ar jin ra'ayi sau bakwai tsakanin 1967 da 2024. A 1967 masu son zaman da ake yi suka yi rinjaye. A 2020 kimanin kashi 52 cikin ɗari suka ce a zama jiha, a 2024 ma masu son jiha suka zo na ɗaya. Amma duk wannan shawara ce kawai, domin wuƙa da nama suna hannun Majalisar da ba su da ƙuri'a a cikinta. Su kansu kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Mai son jiha yana kallon sanatoci biyu da wakilai wajen huɗu. Mai tsoron jiha yana kallon ƙarin haraji, da makomar harshensa, da tutar tsibirin da 'yan wasansu ke ɗagawa a gasar Olamfik. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ƙarshe, 'yan'uwa, darasin da ke cikin wannan labari shi ne, a ba mutum damar magana daban, a ƙirga hannunsa daban. Masu cewa da babu gara ba daɗi suna da gaskiyarsu, domin kwamishinonin nan sun yi wa tsibirinsu aiki: Luis Muñoz Rivera ya yi fafutukar faɗaɗa mulkin cikin gida kafin rasuwarsa a 1916, Antonio Fernós-Isern kuma shi ya shugabanci taron da ya rubuta tsarin mulkin 1952. Amma duk abin da suka samo, sai da wasu suka ɗaga hannu a madadinsu. Mu da za mu kai shekarun zaɓe nan ba da daɗewa ba, ya kamata mu tuna da wannan duk ranar da ƙyuya ta ce mana mu zauna a gida. Ga kuma tambaya ga 'yan ƙungiyar muhawara: da kai ne mutumin San Juan, wanne za ka zaɓa cikin ukun nan, jiha, ko 'yancin kai, ko zaman da ake yi?