Bayan An Auna Ka a Wurin Aiki

Jama'a, a wasu masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da bankuna da ofisoshi, akan kawo ma'aikatan lafiya lokaci-lokaci su duba ma'aikata. A auna jini, a ɗebi fitsari, a miƙa wa kowa takardarsa. Madalla. Sai dai da yawa daga cikin takardun nan a aljihu suke tsufa, har ranar da mai wanki zai jiƙa su da riga.

To, ka sani awo ba ya warkar da kowa. Ɗauki hawan jini. In an ce naka ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, ba a yanke hukunci ba tukuna, domin gajiya ko fargaba ko goron da ka ci suna iya ɗaga shi. Sai ka je asibiti a sake aunawa a wata rana dabam. In ya tabbata, ka kama magani, kada kuma ka ajiye shi don ka ji garau. Nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Hawan jini ba ya yawan sa ciwo; mutum na cin tuwonsa lafiya lau, ƙoda da zuciya suna lalacewa a ɓoye, sai wata safiya a ji ɓarin jikinsa ya shanye, a ce iska ce. Haka sukari: in ya kai 126 kafin a karya kumallo, a maimaita awon.

Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, a kai majina. Gwajin tarin fuka da maganinsa na wata shida kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Wani kuma, tsoron kora daga aiki ne ke hana shi zuwa asibiti. Sakamakonka sirri ne tsakaninka da likita, kuma tun 2014 dokar Nijeriya ta hana a kori mutum daga aiki don yana ɗauke da cutar ƙanjamau.

Ku kuma masu kamfani, kun biya kuɗin awo, saura ku ba ma'aikaci ranar zuwa asibiti ba tare da yanke masa albashi ba. Wanda aka ga ƙirjinsa ya taɓu, a ɗauke shi daga wurin ƙura da sinadarin jima. A sa kowa cikin inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta. Sannan a sa ma'aikaciyar jinya ta riƙe sunayen waɗanda aka tura asibiti, bayan wata guda ta nemi kowa ta ji ko ya je.