Darasi na Goma Sha Biyu: Tsohuwar Kwamfuta da Babbar Manhaja

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda take tafiyar da ita, kamar Windows ko macOS ko Linux. Sau da yawa kwamfuta takan tsufa ne ba don ta lalace ba, sai don masu manhajar sun daina kula da ita. Idan aka daina aiko da gyare-gyaren tsaro, kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma ta zama kamar gidan da ba shi da ƙyaure: masu kutse suna iya shiga su saci bayanai.

Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows XP a shekarar 2001, ya kula da ita har zuwa 2014. Windows 10 kuwa ta fito a 2015, aka kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum ran 14 ga Oktoba, 2025. Magajiyarta, wato Windows 11, tana bukatar wata na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta zamani. Saboda haka yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗanta ba, ko da kuwa lafiyarsu lau.

Shi kuma kamfanin Apple, shi ke ƙera kwamfutarsa, shi ke yin manhajarta. A 2020 ya fara amfani da ƙwaƙwalwa ƙirar kansa, sa'an nan a 2025 ya sanar cewa macOS Tahoe ita ce ta ƙarshe da za ta yi aiki a kan masu ƙwaƙwalwar Intel.

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland a 1991, ta fi su haƙuri da tsofaffi. Ƙwaƙwalwar Intel 386 ta fito a 1985, amma sai a 2012 aka cire tallafinta daga Linux. Akwai kuma nau'o'inta marasa nauyi, kamar Lubuntu, waɗanda sukan farfaɗo da tsohuwar kwamfuta. Sai dai kowane allazi da nasa amanu: wasu manhajoji, kamar Photoshop, ba a yi su domin Linux ba.

Wannan batu ya shafi ɗalibai da 'yan kasuwa a birane kamar Kano da Kumasi, inda mutane da yawa suke sayen kwamfuta ta hannu. Bai isa mai saye ya ga tana kamawa ba. Wajibi ne ya binciki shekarar ƙirarta, da manhajar da za ta iya ɗauka, da lokacin da tallafin manhajar zai ƙare.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kwatanta kwamfutar da aka daina kula da ita da gidan da ba shi da ƙyaure?
2. Shekara nawa ne tsakanin fitowar Intel 386 da cire tallafinta daga Linux?
3. Mene ne ma'anar "kowane allazi da nasa amanu" a wannan darasi?