Gidan wasa na laka a Zariya

Jami'a ita ce makaranta mafi girma. Akwai wata a Zariya, cikin Najeriya. Sunanta Jami'ar Ahmadu Bello. An buɗe ta a 1962.

A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a can. Da za a gina gidan wasa, ba a bi tsarin Turawa ba. Wani Ba'amurke, Stiben Erlik, ya tsara shi kamar gidan Bahaushe: ɗakunan laka masu jinka, da fili a tsakiya.

Ɗalibai kuma suka kai wasa ƙauyuka, kamar Maska da Bomo. Wasan yana nuna damuwar manoma.

Jama'a, masu ilimi ma sun koyi da gininmu. Kada mu raina shi.

A garinku, ina ake taruwa kallon wasa?